Tsutsa da Curin Nama: Yadda NASA Ta Yi Aiki Da Masu Zanen Tambarinta

Zuwa ƙarshen shekarar 1972, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta riga ta sauke mutum 12 a kan duniyar wata cikin tafiye-tafiye shida. Duk da wannan bajinta, da wani zai tara takardun da hukumar ke bugawa a lokacin ya shimfiɗa su a kan tebur ɗaya, da ƙyar zai yarda cewa daga gida ɗaya suka fito. Cibiyoyinta a warwatse suke, daga Houston zuwa Huntsville, daga Cleveland zuwa gaɓar tekun Fulorida, kuma kowace cibiya tana tsara rahotanninta da allunanta yadda ta ga dama. Abin da ya haɗa su kawai shi ne tambarin da wani ma'aikacin hukumar, James Modarelli, ya zana a 1959: shuɗiyar da'ira mai taurari, da farin zobe mai nuna hanyar kumbo, da wani jan reshe mai siffar fukafukin jirgi, sai haruffa huɗu na sunan hukumar a tsakiya.

Yadda aka sauke wannan tambari aka ɗora wani a 1975, da yadda sabon ya yi shekara 17 yana aiki kafin a sallame shi da rana tsaka, labari ne da ya fito da abin da ke gudana tsakanin mai zane da mai ba shi aiki, musamman idan mai ba da aikin hukumar gwamnati ce. Zanen kansa bai wuce haruffa huɗu ba. Sauran aikin duk na mutane ne: wa za a tambaya, wa zai yanke hukunci, wa zai rubuta ƙa'ida, wa kuma zai je ya shawo kan ma'aikatan da za su riƙa ganin abin kullum a ƙirjin rigunansu. Irin waɗannan matakai a hannun daraktoci, hadimai da jami'an yaɗa labarai suke, ko a Washinton ko a Abuja.

Kafin a ɗauki fensir

Ba daga NASA tunanin ya taso ba. A 1972 gwamnatin Shugaba Richard Nixon ta ƙaddamar da wani shiri na gyara fasalin zane-zanen hukumomin tarayya, ta danƙa shi ga asusun tallafa wa fasaha na ƙasar, wanda Nancy Hanks ke shugabanta. Tsarin shi ne a tara ƙwararru su duba abubuwan da hukuma ke bugawa, su faɗi inda ta gaza, sannan ta ɗauki mai zane daga waje ya gyara mata. Hukumomi sama da 40 suka bi ta wannan ƙofa. A wannan zamani ne aka samar da alamomin filayen jiragen sama da kowa ya saba da su a yau, irin surar namiji da ta mace a ƙofar banɗaki, waɗanda ma'aikatar sufurin ƙasar ta sa aka zana mata a 1974. A shekarar ne kuma aikin NASA ya faɗa hannun wani ƙaramin kamfani a birnin Niyok, mallakar mutum biyu, Richard Danne da Bruce Blackburn. Blackburn ne ya zana tauraron da Amurka ta yi amfani da shi a bikin cikarta shekara 200 da samun 'yanci.

Mai zanen da ya san aikinsa da tambaya yake farawa. Su wane ne ke karanta takardunku? Ina da ina tambarin zai zauna: ƙofar mota, katin shaida, hular ma'aikaci, bangon gini? Wa zai buga shi, kuma da wace irin na'ura? Me jama'a ke ɗauka game da ku a yanzu, me kuke so su ɗauka? Sai ya nemi a tara masa duk wata takarda, fom, kalanda da hoton allo da hukumar ke da su, ya zagaya ofisoshi, ya saurari shugaba, ya kuma saurari akawun da ke buga wasiƙu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sau da yawa ba ya iya nuna wurin da yatsa. Zai ce tambarinsu ya tsufa, alhali ciwon shi ne sassan hukumar goma suna magana da jama'a da murya goma. Aikin mai zane a wannan mataki shi ne ya juya koke-koken zuwa gajeriyar takardar bayanin aiki, shafi ɗaya ko biyu, wadda ɓangarorin biyu za su amince da ita. Amfaninta yana fitowa ne daga baya, ranar da gardama ta kaure. Idan babu ita, sai gardamar ta koma ta son rai, kuma a gardamar son rai babba ne ke cin nasara ko da ba shi da hujja.

Akwai ma tambayar da ta riga waɗannan duka, wato ko abin da za a yi wa tambarin ya tsaya da ƙafafunsa. A watan Yulin 2018 aka nuna wa duniya suna da tambarin kamfanin Nigeria Air a bikin baje kolin jiragen sama na Farnborough a Ingila. Wata biyu bayan haka aka sanar da dakatar da shirin. Kyawun zane ko muninsa ba su da abin cewa a nan, domin tambari alkawari ne, kuma sai da mai cikawa yake da daraja.

A NASA kuwa akwai aikin, akwai tarihin, kuma matsalolin tsohon tambarin na zahiri ne. Ƙananan abubuwa sun yi masa yawa. Idan aka ƙanƙanta shi taurarin sai su ɓace, idan aka kwafe shi a injin kwafi mai baƙi da fari sai ya zama dunƙulen tawada, idan aka manna shi a jikin jirgi ba a iya karanta shi daga nesa. Ga kuma sauyin zamani. Tseren zuwa wata ya ƙare, kasafin hukumar ya ragu ƙwarai, hankali ya koma kan sabon kumbon nan mai zuwa ya dawo, wanda Nixon ya amince da ƙera shi a farkon 1972. Shugabannin hukumar suna son alamar da za ta nuna gaba, ba wadda za ta riƙa tuna wa mutane shekarun 1950 ba.

Zaɓi ɗaya ko zaɓi uku

Abin da Danne da Blackburn suka fito da shi ba shi da duniya, ba shi da tauraro, ba shi da kumbo. Sunan hukumar ne kawai, an rubuta shi da layi mai kauri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, yana lanƙwasa kamar bututun ƙarfe. Haruffan A guda biyu an cire musu sandar da ke gicciye a tsakiya, sai suka yi kama da hancin roka, kuma na farkon ya zarce ya haɗe da S. Launin ja ne mai haske. Ana iya buga shi a kan alƙalami, ana iya fenta shi a bangon rumfar jirgi, kuma duk abu ɗaya ido zai gani.

Shi kaɗai suka kai wa hukumar. Sai dai ba su kai shi tsirara a kan farar takarda ba. Sun nuna shi a kan takardar wasiƙa, a bangon rahoto, a jikin mota, a gaban gini, a jikin jirgi. Wannan dabara har gobe ita ce ginshiƙin sana'ar, domin gani ya kori ji. Mutumin da aka miƙa wa tambari shi kaɗai zai tsaya yana neman aibunsa, yana tambayar me wannan lanƙwasa ke nufi. Wanda aka nuna wa shi a jikin motar ofishinsu kuwa, tambayar da zai yi wa kansa ita ce ko motar ta yi kama da ta hukumar da ta san abin da take yi.

Batun kawo zaɓi ɗaya tsohuwar muhawara ce. Misalin da aka fi ambata shi ne na Paul Rand, wanda ya zana tambarin IBM. A 1986 Steve Jobs, bayan ya bar Apple, ya nemi Rand ya yi wa sabon kamfaninsa NeXT tambari a kan dala 100,000. Jobs da bakinsa ya ba da labari daga baya cewa ya nemi a kawo masa zane-zane daban-daban ya zaɓa, Rand ya ƙi. Ya ce masa shi matsalar zai warware, a biya shi, in an so a yi amfani da abin, in kuma zaɓi ake nema a je wurin wasu. Abin da ya kawo shi ne baƙin akwati a karkace, tare da ɗan littafi mai bayyana dalilin kowane mataki da ya bi.

Wannan salo ya yi wa Rand aiki ne saboda mutum ɗaya ke yanke hukunci, kuma kuɗin kamfaninsa ne. Jami'in gwamnati ba shi da wannan sakewa, domin dukiyar jama'a yake kashewa, kuma akwai mai binciken kuɗi da zai tambaye shi yadda aka kai ga zaɓin. Saboda haka neman ganin hanyoyi biyu ko uku a farkon aiki, tun suna zanen fensir, ba laifi ba ne. Inda ake samun ɓarna shi ne a ajiye wa kwamiti kammalallun zane uku a ce ya zaɓa. Abin da kan biyo baya sananne ne ga duk wanda ya taɓa rubuta rahoton taro: a ɗauko kan wannan, a haɗa da jelar wancan, a ƙara taswirar ƙasa don wani mamba ya ce ba a ganin Najeriya a ciki, a ƙara zangarniyar hatsi da littafi da ƙafar inji don kada wani sashe ya ce an manta da shi. A ƙarshe kowa ya samu rabonsa, sai dai babu mai iya tuna abin bayan ya kawar da kai.

Taron da aka gabatar wa shugabannin NASA da zanen ya shahara a tsakanin masu sana'ar, saboda yadda Danne ya riƙa ba da labarinsa. Shugaban hukumar a lokacin shi ne James Fletcher, mataimakinsa kuma George Low, injiniyan da ya taka babbar rawa a shirin Apollo. A cewar Danne, Fletcher ya dubi haruffan ya ce hankalinsa bai kwanta ba, kamar akwai abin da ya ɓace. Low ya ce masa haka ne, sandar tsakiyar A ce aka cire, ya kuma tambaye shi me ya dame shi da hakan. Fletcher ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce yana jin kamar ba su samu abin da ya kai kuɗinsu ba. Daga nan ya koma kan launi, ya ce ja bai yi masa ma'ana ba, shuɗi ya fi dacewa tunda sararin samaniya shuɗi ne. Low ya amsa masa cewa a'a, sararin samaniya baƙi ne. Aka tashi taron an amince da zanen.

Ana ba da labarin don raha, amma akwai abin lura a cikinsa. Masu zanen ba su ne suka kare aikin ba, mutumin cikin gida ne ya kare shi, wanda ya fahimci dalilan kuma yake da matsayin da zai iya ja da shugaba cikin ladabi. Kusan kowane aiki irin wannan da ya tsira yana da irin Low a bayansa. Shi kuma Fletcher ba wauta ya yi ba. Ya faɗi abin da yawancin masu biyan kuɗi ke ji a zuci, cewa abu mai sauƙin gani kamar bai ci wahala ba. Mai zane yakan zubar da ɗaruruwan gwaje-gwaje kafin ya kai ga layin da ya rage, amma wanda aka kawo wa layin bai ga kwandon shara ba.

Kada kuma a ɗauka cewa mai ba da aiki kullum shi ne mai ɓata zane. Tutar Najeriya shaida ce. Michael Taiwo Akinkunmi yana ɗalibi a wata kwalejin fasaha a Landan lokacin da ya ga sanarwar gasar zana tuta a jarida, ya aika da nasa cikin zane sama da 2,000 da aka karɓa. Abin da ya zana yana da kore, fari, kore, amma a tsakiyar farin akwai jar rana mai haskoki. Alƙalan gasar suka zaɓi nasa a 1959, suka cire ranar, aka ba shi kyautar fam 100, aka kuma ɗaga tutar a ranar 1 ga Oktoban 1960. Mutum zai iya yin muhawara a kan ko ranar za ta ƙara wa tutar armashi, amma abin da alƙalan suka bari kowane tela zai iya ɗinka shi, kowane ɗan firamare zai iya zana shi. Gyaran nasu ragewa ne, kuma gyaran mai ba da aiki ya fi yin amfani idan ragewa ne.

Sai dai gasa tana da nata giɓin. Wanda ya ci yakan karɓi kyautarsa ya tafi, babu zaman tambayoyi kafin zane, babu wanda zai tsaya bayan zane ya tsara yadda za a yi amfani da shi. Tuta tana iya jure wannan saboda sauƙinta. Hukuma mai fom ɗari da motoci dubu ba za ta iya ba.

Kundin ƙa'ida

Abin da NASA ta saya da kuɗinta a gaskiya ya fito ne a watan Janairun 1976, wato kundin ƙa'idojin zane na hukumar. An yi shi cikin fayil mai zobba domin a riƙa ƙara shafuka ko a sauya su. A cikinsa aka nuna tambarin da irin jan da aka amince da shi, har da guntayen takardu masu launin waɗanda za a iya yagowa a ba mai ɗab'i ya gwada da tawadarsa. Akwai zanen tambarin a kan layukan awo, domin mai fenti ya iya faɗaɗa shi a bango ba tare da ya karkace ba. Akwai shafin da ya jera abubuwan da aka hana, kamar matse shi, ko kewaye shi da wata siffa, ko ɗora shi a kan hoto mai hayaniya. An zaɓi salon haruffan Helvetica don yawancin rubuce-rubuce. An tsara inda sunan cibiya zai zauna a takardar wasiƙa, yadda fom zai kasance, yadda za a rubuta allon nuna hanya, inda tambarin zai hau a jikin motar ɗaukar kaya, jirgin gwaji da kumbo. Tsohon hatimin hukumar, wanda shi ma Modarelli ne ya zana shi, an bar shi don bukukuwa da lambobin yabo.

Duk wannan ƙididdiga tana da dalili ɗaya: mai zane zai tafi, waɗanda za su ci gaba da amfani da abin kuma ba masu zane ba ne. Sakatare ne, jami'in sayayya ne, ɗan kwangilar da aka ba aikin allo ne. Kundin shi ke tsaya musu a madadin mai zanen. Wanda ke son ganin abin da rashin irinsa ke haifarwa, ya dubi takardun da ke yawo tsakanin ma'aikatu a Abuja. Koren da ke kan wannan wasiƙa ya yi duhu kamar ganyen mangwaro, na waccan ya yi haske kamar ɗanyen lemo. Dawakan tambarin ƙasa a wani wuri sun yi ƙiba saboda an ja hoton ta gefe, a wani wuri sun rame. Sau da yawa tambarin hukuma ba ya nan a ko'ina sai a wani dusasshen hoto da aka sauko da shi daga intanet, aka tura wa mai ɗab'i a Garki ko Shomolu ta WhatsApp, shi kuma ya sake zana shi da ka. Illar ba ta tsaya ga ƙawa ba. Idan takardun hukuma na gaskiya ba su yi kama da juna ba, mai buga takardar ɗaukar aiki ta jabu ya samu sauƙi, domin babu wani tsayayyen fasali da jama'a za su gwada tasa da shi.

Nan ne kuma yarjejeniyar aiki ke shigowa, kuma nan ne hadimin da ya iya karatun takarda ke da amfani fiye da wanda ya iya zaɓen launi. Ya kamata a rubuta sau nawa za a yi gyara kafin ƙarin kuɗi ya shigo, wane jami'i ɗaya ne zai tattara ra'ayoyi ya miƙa wa mai zane, wa ya mallaki zanen bayan an biya, da kuma cewa za a miƙa ainihin fayilolin da ake iya faɗaɗawa ba tare da sun dusashe ba, a adana su a inda sauyin shugabanci ba zai ɓatar da su ba. Sai binciken ko zanen ya yi kama da na wani. Masu shirya wasannin Olamfik na Tokiyo sun ɗanɗani wannan. A watan Yulin 2015 suka ƙaddamar da tambarin da Kenjiro Sano ya zana, wani mai zane ɗan Beljiyam ya ce ya yi kama da wanda ya yi wa wani gidan wasan kwaikwayo a birnin Liège. Sano ya musanta, amma zuwa farkon Satumba an janye tambarin, aka sake sabuwar gasa.

Inda aka yi tuntuɓe

NASA ta yi tambayoyin, ta samu zane mai kyau, ta samu kundin da har yau ake koyarwa da shi a makarantun zane. Abin da ta yi sakaci da shi shi ne ma'aikatanta. Kamar yadda Danne ya bayyana, shi da abokinsa sun so a zagaya cibiyoyi a yi wa mutane bayani kafin a sanar. Maimakon haka hedikwata ta aika wa shugabannin cibiyoyin sabbin takardun wasiƙa masu ɗauke da tambarin, kuma ta haka da yawansu suka fara ganinsa. Sai bayan ƙura ta tashi aka shiga zagayen lallashi, alhali ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗanda suka ƙi shi suka laƙaba masa suna tsutsa. A wannan lokaci ne kuma laƙabin curin nama ya kama tsohon tambarin, kuma da sunayen nan biyu ake kiransu har yau, har a bakin hukumar kanta.

Fushin injiniyoyin ba na rashin wayewa ba ne, ko da yake wasu masu zane sun so su ɗauke shi haka. Tsohon tambarin yana jikin rigar Neil Armstrong lokacin da ya taka wata a 1969. Mutanen da suka yi shekara goma suna kwana a ofis don wannan rana ba su kallonsa a matsayin da'ira mai wahalar bugawa. Ƙuruciyarsu suke gani a ciki, da abokansu uku da suka mutu a gobarar Apollo 1 a 1967. Takardar bayanin aikin ta auna injin kwafi da nisan da ido ke iya karatu, amma ba ta auna wannan ba. Irin wannan riƙo ba baƙo ba ne a nan gida. Tun 2005 sunan NEPA ya bar takardun gwamnati, PHCN da ta gaje ta ita ma ta wuce, amma idan wuta ta dawo a unguwa har yanzu sunan NEPA yara ke kira.

Duk da haka tsutsar ta yi aikinta. Ta hau jikin kumbunan nan masu zuwa su dawo, ta hau rigunan 'yan sama jannati, ta hau madubin hangen nesa na Hubble da aka harba a 1990. Matasan da suka shiga hukumar a shekarun 1980 ita suka sani, kuma suna sonta. Tsofaffin kuwa ba su taɓa sakin tasu ba, har akwai wuraren da aka ƙi goge tsohon tambarin daga bango.

A watan Afrilun 1992 Daniel Goldin ya zama shugaban NASA. Ya tarar da hukuma mai sanyin gwiwa. Kumbon Challenger ya tarwatse a 1986 da mutum bakwai a ciki, an kuma gano cewa madubin Hubble yana da aibu bayan an riga an kai shi sama. A watan Mayu ya kai ziyara cibiyar Langley da ke jihar Bajiniya, inda curin naman ke nan daram a jikin rumfar jirage, aka kuma nuna masa cewa dawo da shi zai faranta ran ma'aikata. Bai ɓata lokaci ba ya sanar da dawowarsa. Babu kwamitin ƙwararru a wannan karo, babu sabon nazari. Aka shiga cire tsutsar daga takardu, alluna da jikin jirage sannu a hankali, sai dai wadda ke jikin Hubble, da hannun mai fenti ba ya kaiwa.

Ta fuskar sana'a, hukuncin koma baya ne, domin matsalolin da aka lissafa a 1974 ba su gushe ba, illa dai injinan ɗab'i sun inganta. Ta fuskar shugabanci kuwa Goldin ya samu abin da ya nema cikin araha. Abin da ya sauƙaƙa masa shi ne tun farko daga sama aka saukar da tsutsar, don haka wani na saman ya iya ɗauke ta da kalma ɗaya, kuma waɗanda za su tsaya mata a cikin gida ba su kai waɗanda suka yi shekara 17 suna jiran ranar ba.

Daga waje aka fara dawo da ita. A 2015 wasu matasan masu zane biyu a Niyok, Jesse Reed da Hamish Smyth, suka nemi tallafin jama'a a dandalin Kickstarter don sake buga kundin 1976 a matsayin littafi, suka tara sama da dala 900,000. Hukumar ma ta ɗora kwafin kundin a intanet kyauta. A watan Afrilun 2020, ƙarƙashin shugabancin Jim Bridenstine, NASA ta sanar da cewa tsutsar za ta hau jikin rokar Falcon 9 ta kamfanin SpaceX, kuma a ranar 30 ga Mayu rokar ta tashi daga Fulorida da Bob Behnken da Doug Hurley, karo na farko tun 2011 da aka harba 'yan sama jannati zuwa tashar sararin samaniya daga ƙasar Amurka. A watan Nuwamban 2022 ta sake bayyana a jikin rokar Artemis ta farko da ta nufi wata. Curin naman ne dai babban tambarin hukumar a hukumance, tsutsar kuma tana rufa masa baya a inda aka ba da izini. Bruce Blackburn ya rasu a watan Fabrairun 2021. A watan Nuwamban 2023 NASA ta gayyaci Richard Danne hedikwatarta a Washinton, ta ba shi lambar yabo kan aikin da shi da abokinsa suka miƙa mata kusan shekara 50 kafin nan.